Hoto Ya Fito, Murya Ta Ƙi: Yadda Ake Gano Inda Sautin Tsohon Kaset Ya Tsaya

Idan ka haɗa tsohuwar kyamarar bidiyo da kwamfuta, hoto ya bayyana a allo, mutane suna ta motsa baki amma ba ka jin komai, kada ka yi saurin yanke wa kaset ɗin hukunci, kada kuma ka ruga sayen wata na'ura. Na jima ina juya wa 'yan uwa da abokan arziki kaset-kaset na Video8 da Hi8 da VHS-C zuwa kwamfuta, kuma abin da na fi gani shi ne sautin yana nan daram a jikin zare, a hanya ne yake tsayawa. Hoto da sauti ba layi ɗaya suke bi ba. Da zarar sun fita daga kyamara kowa da wayarsa, kowa da ƙofar da yake shiga kwamfuta, kowa da wurin da ake ba shi izini. Don haka fitowar hoto ba ta tabbatar maka da komai game da sauti. Aikinka shi ne ka bi sautin tun daga zare har zuwa fayil, kamar mai bin bututun ruwa gaɓa-gaɓa yana neman inda ya toshe, kuma kada ka tsallake gaɓa don kana ganin ba za ta zama ita ba.

Kafin a taɓa komai, a kare kaset ɗin. VHS-C ya fito a 1982, Video8 a 1985, Hi8 a 1989, ke nan yawancin waɗannan kaset-kaset sun haura shekara ashirin da biyar, wasu sun kusa arba'in. Duk kunnawa da mayarwa baya da za ka yi, zaren yana gogar ƙarfe. Ba na son ganin mutum yana gwada waya da kaset ɗin da ke ɗauke da muryar mahaifinsa da ya rasu, yana kunnawa yana tsayarwa yana komawa baya. Nemi wani kaset da ba ka damu da shi ba ka yi gwajinka da shi. Na gaskiyar kuma ka kulle shi don kada a naɗi wani abu a kansa bisa kuskure: a kaset na 8mm akwai ɗan jan makulli a gefe da ake turawa, a VHS-C kuwa ɗan harshe ne da ake ɓallewa ko a tura, ya danganta da irinsa. Sannan ka jona kyamarar da wutar gida ta cajarta, kada ka dogara da batirin da ya tsufa.

Akwai ma dabarar da ba ta bukatar kaset sam. Cire kaset, ka murɗa maɓallin kyamarar zuwa CAMERA maimakon PLAYER ko VCR. A wannan yanayi kyamarar tana tura abin da idonta ke gani da abin da makirufonta ke ji kai tsaye ta wayar AV, wato wayar hoto da sauti. Ka tafa hannu a gabanta. Idan tafin ya isa kwamfuta, waya da na'urar ɗauka (wato 'yar na'urar USB da ke shigar da hoto da sauti kwamfuta) da manhaja duk lafiyarsu lau, matsalar tana wajen kaset ko sashen da ke karanta shi. Idan bai isa ba, kaset ya kuɓuta daga zargi, sai ka duba gaba. Wannan gwaji ɗaya yana raba maka aikin gida biyu, shi ya sa da shi nake farawa kullum.

Sai ka saurari kyamarar ita kaɗai, ba kwamfuta a tsakani. Masu ɗan allon da ake buɗewa a gefe galibi suna da ƙaramar lasifika da maɓallin ƙara murya, kuma da yawansu ba sa magana sai allon yana buɗe. Wasu suna da ramin saka abin sauraro na kunne. In babu ko ɗaya, haɗa ta da talabijin mai ramukan ruwan ɗorawa da fari da ja. Ka ji murya a talabijin da wannan wayar? To ka san kaset da kyamara da waya ba su da laifi.

A kan waya zan ɗan daɗe, domin nan ne mutane suka fi faɗawa. Kan waya mai ruwan ɗorawa hoto kawai yake ɗauka. Fari shi ne sautin hagu, ja na dama. Wayar S-Video, wato mai zagayayyen kai da ƙananan allurai huɗu a ciki, tana ba da hoto mafi tsabta daga Hi8 saboda tana raba haske da launi, amma ko ɗigon sauti ba ta ɗauka. Mutum zai ji an ce S-Video ta fi kyau, ya cire waya mai kai uku gaba ɗaya ya sa ta, sai hoto ya yi kyau murya ta ɓace. Abin da ake yi shi ne a bar fari da ja a jone, ruwan ɗorawan kaɗai ake cirewa.

Tsofaffin kyamarori da yawa sautinsu layi ɗaya ne, ramuka biyu kawai gare su, na hoto da na sauti. A nan farin kai za ka sa, ka kai shi farin rami na na'urar ɗauka. Sakamakon shi ne murya a kunnen hagu kaɗai, kuma idan lasifikar hagu ta kwamfutarka ta mutu, ko kunne ɗaya ka saƙala, sai ka rantse babu sauti. Ana gyara wannan da 'yar waya mai raba kai ɗaya zuwa biyu, ko a cikin manhaja, zan zo kansa.

Waɗanda suka fi wahalar da mutane su ne kyamarori masu ƙaramin rami guda ɗaya da aka rubuta AV ko A/V OUT a kansa, mai faɗin milimita 3.5, irin na abin sauraro. Ɗauki kan wayar ka kusanto da shi ido. Za ka ga baƙaƙen zobba a jikin ƙarfen. Zobe uku na nufin sassa huɗu: hoto, hagu, dama, da wanda suke tarayya a kai. Zobe biyu na nufin sassa uku, wato wayar kyamara mai sauti layi ɗaya, ko kuma wayar sauti zalla da ba ta da alaƙa da bidiyo. Abin takaicin shi ne kamfanoni ba su yi ittifaƙi kan wane sashe ne zai ɗauki me ba. Waya biyu za su yi kama kamar an tsaga kara, amma jerin cikinsu daban. Wayar da ta zo da wata na'urar DVD ta tafi-da-gidanka ko akwatin talabijin tana iya shiga ramin kyamararka ta zauna cif, ta ba ka hoto ta jan kai maimakon ruwan ɗorawa, ko ta ba ka hoto da ƙugi babu murya. Gwajin mai sauƙi ne: rage ƙarar talabijin, ka riƙa saka kawunan uku ɗaya bayan ɗaya a farin rami. Wanda ya ba ka wani ƙugi mai kaushi, hoto ne ke bi ta cikinsa. Wanda ya ba ka muryar mutane, shi ne na sauti, ko da wane launi aka shafa masa. Idan babu wanda ya ba da murya mai tsabta, jerin wayar bai dace da kyamararka ba, sai ka nemi wadda aka yi domin irinta. Ka kuma tura kan wayar har ƙarshe sai ka ji ya yi ƙas. Murfin roba da ke rufe ramukan yakan tokare shi ya rage ɗan kaɗan bai shige ba, kuma wannan ɗan kaɗan ɗin ya isa ya ba ka hoto ya hana ka sauti.

Wanda yake bi ta SCART, babban kai mai allurai 21, ya duba ɗan makunnin da ke jikin adaftar mai IN da OUT. Daga na'urar kaset zuwa kwamfuta, OUT ake so. Ramukan RCA, wato masu ruwan ɗorawa da fari da ja, da suka yi tsatsa ko suka dushe kuma, a murza kan wayar a ciki sau da yawa, a goge da ɗan tsumma.

Yanzu mu shiga kwamfuta. 'Yar na'urar USB da ake jona wayoyin a jikinta, ko da yake abu ɗaya ce a hannu, sau da yawa kwamfuta tana ganinta a matsayin abu biyu: kyamara guda, makirufo guda. Kowanne sai an zaɓe shi daban. A Windows, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta mmsys.cpl, ka shiga shafin Recording. Nemi sunan da ke ɗauke da USB ko Line ko sunan na'urarka. In ba ka gan shi ba, danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta a fili ka zaɓi Show Disabled Devices, domin wani lokaci yana nan an kashe shi ne. Kunna kaset ɗin gwaji ka kalli ɗan tsanin da ke gefen sunan. Idan koren yana hawa yana sauka daidai da maganar mutanen da ke cikin bidiyon, sauti ya iso kwamfuta, saura manhaja. Idan bai motsa ba, shiga Properties ka duba Levels ko an sauke shi ƙasa ko an toshe shi. A shafin Advanced kuma ka zaɓi layi 2, bit 16, 48000 Hz, domin shi ne ma'aunin da bidiyo ya saba tafiya da shi.

Akwai wata ƙofa da mutane ba sa tunawa da ita. Tun daga sabuntawar Windows 10 ta 2018, idan an hana manhajoji amfani da makirufo a sashen sirri, hanin yana shafar na'urar ɗaukar bidiyo ma, tunda a wajen Windows ita ma makirufo ce. Shiga Settings, sashen Privacy, ka nemi Microphone, ka tabbata an buɗe, har da layin ƙasa da ke ba manhajojin kwamfuta izini. A Mac ma haka ne, a Privacy & Security. Wanda ya taɓa rufe wannan ƙofa don kare kansa, ya yi daidai, sai dai ya buɗe ta na lokacin aikin.

In kuwa sunan na'urar bai fito ko'ina ba, duba Device Manager ko akwai alamar ruwan ɗorawa a kan wani abu. Ƙananan na'urorin da ake sayarwa da sunan EasyCap ba iri ɗaya ba ne a ciki. Kwanson ɗaya ne, amma wata tana da STK1160, wata UTV007, wata EM2860, kuma direban wannan, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar, ba ya yi wa waccan aiki. Ka duba Hardware Ids a cikin bayanan na'urar, ka nemi direba da wannan lambar, ba da sunan da ke kan kwali ba. Wasu daga cikinsu ma sauti layi ɗaya mai 8000 Hz kaɗai suke iya bayarwa, murya ta fito a shaƙe kamar ta wayar tarho. Irin wannan ba na yarda in ɗauki sautin kaset mai muhimmanci da ita.

A OBS Studio, manhajar naɗar bidiyo da na fi amfani da ita, bayan ka ƙara Video Capture Device, gangara can ƙasan saitinta ka sa alama a Use custom audio device, ka zaɓi sautin na'urar USB ɗin. Daga nan ka sa ido a kan Audio Mixer. A nan akwai abin da ke ruɗa kusan kowa: OBS ba ta jiyar da kai abin da take ɗauka sai ka ce ta yi. Layin koren yana rawa, sautin yana shiga fayil, amma lasifikarka shiru. Mutum ya wuni yana canza waya alhali babu abin da ya lalace. Shiga Advanced Audio Properties ka canza Monitor Off zuwa Monitor and Output, sai ka ji. A wannan shafin ne kuma za ka sa alama a Mono idan kyamararka mai layi ɗaya ce, murya ta fito a kunne biyu, kuma ka tabbata akwai alama a layi na 1 na Tracks, domin shi ne ake naɗa idan ba ka canza komai ba.

Ka toshe Desktop Audio da Mic/Aux kafin ka fara naɗa. Na farkon zai sa murya ta ninku ta riƙa amsa-kuwwa. Na biyun ya fi haɗari, domin makirufon kwamfutarka ne. Na taɓa karɓar fayil daga wani da ya ce sautin bidiyonsa ya fito amma can ƙasa-ƙasa. Da na sa a kunne na ƙara murya, sai na ji fanka tana juyawa, na ji an ja kujera, na ji shi kansa yana gyaran murya, muryoyin kaset ɗin kuma suna can nesa suna fitowa daga 'yar lasifikar kyamara. Ɗakinsa ya naɗa, wayar sauti ba ta taɓa aiki ba. Ga yadda za ka gane: tsayar da kaset, ka yi magana. Idan layin ya motsa, ba na'urar da ta dace ka zaɓa ba.

Masu amfani da VirtualDub, wata manhajar naɗar bidiyo, su duba cewa Enable audio capture yana da alama a ƙarƙashin Audio, kuma an zaɓi na'urar da ta dace a wannan jerin.

Naɗi minti ɗaya ka buɗe fayil ɗin a VLC, manhajar kallon bidiyo. Danna Ctrl da J, za ka ga abin da ke cikinsa. Idan layin bidiyo kaɗai ka gani, manhajar ba ta naɗi sauti ba. Idan akwai layin sauti amma shiru, an naɗa ne daga ƙofar da babu kowa. Wani lokaci kuma fayil ɗin yana magana a VLC amma ya yi shiru a wata manhaja ko a talabijin, wannan matsalar nau'in sautin ce, a mayar da shi nau'in sauti na AAC a cikin fayil na MP4 ya wadatar, ba sai an sake kunna kaset ba.

Wanda ke da kyamarar Digital8, wadda Sony ta fitar a 1999, yana da wata hanya da na fi so. Da yawa daga cikinsu, ba duka ba, suna karanta kaset na Video8 da Hi8 su mayar da shi DV, wato bidiyon dijital, su tura hoto da sauti tare ta waya ɗaya ta FireWire, wadda Sony ke kira i.LINK. Tunda tare suke tafiya, ba ka da aikin zaɓen na'urar sauti daban, kuma baki da murya ba sa rabuwa cikin sauƙi. Sai dai ramin USB da ke jikin waɗannan kyamarori ba madadin FireWire ba ne, kuma wayar da ake cewa tana juya FireWire zuwa USB kai tsaye ba ta aiki, harsunansu daban ne. Idan kaset ɗin na DV ne ko Digital8 aka ji shiru, duba AUDIO MIX a cikin saitin kyamara. Kaset da aka naɗa da bit 12 yana da wurin sauti biyu, ST1 da ST2, kuma idan an tura ma'aunin gaba ɗaya zuwa ST2 inda ba a naɗi komai ba, ba za ka ji komai ba.

To idan tafin hannu ya isa kwamfuta amma kaset ya ƙi magana fa? A nan sanin yadda aka rubuta sautin yana taimakawa. A Video8 da Hi8, ana cakuɗa sautin da hoto, kawunan cikin kyamara da ke juyawa suna gogar zare su rubuta su tare a layi ɗaya. Saboda haka idan hoto ya fito tas ba ya rawa amma sauti babu ko kaɗan, da wuya a ce dattin kai ne, kada ka dame shi da kaset ɗin wanki. Gwada wani kaset. Idan duk kaset ɗin da ka sa shiru ne, sashen sauti na kyamarar ne ya samu matsala. Kyamarorin ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 sun yi suna wajen ƙananan kafasito da ke yoyo idan sun tsufa, har wani ƙarni kamar na kifi yakan fito daga cikin na'urar in ta yi zafi. Wannan aikin mai gyara ne, ko kuma a ari wata kyamara mai karanta irin kaset ɗin.

VHS-C daban ne. Yawancin kyamarorinsa suna rubuta sauti ne a wani siririn layi a bakin zare, wani kai da ba ya juyawa ne ke karanta shi. Idan bakin zaren ya yamutse, ko wannan kan ya yi datti, murya za ta dushe ko ta riƙa yankewa alhali hoto lafiya. Ana goge shi a hankali da sinadarin isopropyl, na'ura a kashe. Idan kana kunna kaset ɗin a babbar na'urar VHS ta cikin adafta, duba saitin sauti mai Hi-Fi da Normal ka gwada kowanne, ka kuma ɗan motsa maɓallin TRACKING, domin sautin Hi-Fi yana saurin ɓacewa ko ya riƙa ƙara idan kai bai hau layi daidai ba, tun kafin hoto ya nuna alama.

Akwai kuma kaset ɗin da tun asali ba a naɗi sauti a kansa ba. Idan mai ɗauka ya jona makirufo na waje, na jikin kyamara yana yankewa, kuma idan batirin na wajen ya mutu ko ba a kunna shi ba, shiru aka naɗa. Alamarsa ita ce wani yanki na kaset ɗin yana magana, wani yanki bebe, kuma iyakar tana faɗawa daidai inda aka yanke ɗauka. Wannan babu na'urar da za ta dawo da shi, kuma gara mutum ya sani da wuri da ya yi ta gogar zaren yana nema.

Idan ka tabbata na'urar USB ce ba ta iya sauti, ka bar mata hoto, ka kai fari da ja zuwa ramin Line In na kwamfutar tebur, mai launin shuɗi, ta waya mai RCA biyu a gefe ɗaya da ƙaramin kai a ɗayan. Kada ka sa a ramin makirufo. Abin da kyamara ke fitarwa ya kai kusan sulusin bolt, makirufo kuwa 'yan kaso kaɗan cikin dubu na bolt ɗaya yake bayarwa, don haka murya za ta fashe ta yi kaushi. Mai kwamfutar cinya da rami ɗaya tak gare ta ya nemi ƙaramin katin sauti na USB mai Line In. Daidaita ƙarfin yadda layin OBS zai riƙa wasa a kore da ruwan ɗorawa, ja yana farawa ne daga -9 a ma'aunin layin, kuma tafi ko kukan yaro a cikin bidiyo yakan yi tsalle fiye da magana, ka bar masa wuri.

Wannan hanya tana da sharaɗi ɗaya. Tunda yanzu na'ura biyu ne ke aiki, kowacce da agogonta, murya tana iya zamewa daga baki a hankali. Farkon fayil zai yi daidai, ƙarshen kaset na awa ɗaya ko biyu kuma a ga baki ya riga murya ko murya ta riga baki. Ka tabbata ma'aunin bidiyo ya dace da kaset ɗinka, hoto 25 a daƙiƙa ga tsarin talabijin na PAL, 29.97 ga na NTSC, ka rufe sauran manhajoji lokacin naɗa, kuma ko'ina 48000 Hz. Bayan ka gama, kada ka tsaya a minti na farko: ja fayil ɗin zuwa ƙarshe, ka nemi inda wani ya tafa ko ya rufe ƙofa, ka ga ko ƙarar ta faɗi tare da motsin. Idan tazarar iri ɗaya ce daga farko zuwa ƙarshe, Sync Offset a OBS kafin a sake naɗa, ko matsar da layin sauti a manhajar tace bidiyo zai gyara. Idan ƙaruwa take yi, sai a ɗan miƙe ko a tsuke layin sautin a Audacity, manhajar tace sauti, ya yi daidai da tsawon bidiyon, sannan a sake haɗa su.